Ƙwayar da Maigida Ba Shi da Ita

3 ga Fabrairu

'Yata Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, ke da abokan aikinki da ban san fuskokinsu ba. Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwata ta yi sauƙi, har na koma kan keken ɗinki. Kunnen ne dai yana nan yadda kika bar shi, ya ma ɗan ƙara. Don haka ki daina cewa a ba ni waya. In yayanki ya kara mini ita sai in ji kamar ana zuba ruwa a bokiti, in yi ta cewa "to, to", ban san abin da nake amsawa ba. Takarda ta fi mini, ita ba ta gaggawa.

Yayanki yana nan da motarsa ta ɗaukar 'yan makaranta. Matarsa ta yi nauyi, wata na biyar ke nan, amma tana ƙoƙari.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jikan nan nawa, Maigida. Wata mai kamawa zai cika shekara biyar. Ranar Litinin aka ɗora shi a sikeli, kilo goma sha ɗaya da 'yan kai. Wandon da na ɗinka masa yana ɗan shekara uku shi ne a jikinsa har yau, sau biyu ma ina rage ƙugun. Kada ki ce ba ya ci. Yana ci kamar mai aikin gini. Ƙwai, madara, wannan abin leda mai maiƙo da asibiti ke bayarwa, duk yana cinyewa ya lashe yatsa. Amma abin da ya shiga da safe, kafin azahar ya fita kusan yadda ya shiga. Na auna dantsensa da tef ɗina na ɗinki, na ji kunyar lambar, na naɗe tef ɗin ban gaya wa uwarsa ba.

Makon jiya likitar yara ta miƙo mana takarda mai shafi huɗu. Ta ce asibitinsu ya haɗa hannu da wurin aikinku kan yaran da ke ci ba sa ƙiba, kuma tunda dama za a leƙa hanjinsa, in mun yarda za a ɗebi ɗan kaɗan a aiko muku. Yayanki ya yi ta juya takardar. Ni na ce ya sa hannu. Na ce ai hannun 'yar'uwarsa zai faɗa, ba na bare ba.

Jiya aka yi. Sun sa shi barci, suka zura masa siririn tiyo mai fitila ta baki, suka ɗebo 'yar tsoka, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Da ya farka ya gan ni a bakin gado sai ya juya mini baya. Na ce, "Maigida, ba magana?" Ya ce, "Ke kika riƙe mini ƙafa. Na sake ki." Na ce to a ba ni kayana in tafi gidanmu. Ya ce ba zai bayar ba, keken ɗinkin nasa ne. Har ma'aikaciyar jinya sai da ta zauna don dariya.

To 'yata, ki faɗa mini cikin maganar da zan gane. Wannan 'yar tsokar, me za ku yi da ita? Shekara shida kina can, in an tambaye ni aikinki sai in ce binciken abinci, in yi shiru. Yanzu abin ya zo cikin ɗakina, ina so in sani.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifinki ƙanena.

Gwaggonki


19 ga Fabrairu

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na yi murna da gwiwa ta sake ki. Ni lafiya lau nake, sai mura da ta ƙi tafiya, saboda ɗakin aikinmu kullum a sanyaye yake don na'urori, ba don mu ba. Ki gaishe da Yaya da Anti. Ki ce wa Maigida na ji labarin sakin, kuma ina bayansa, ya riƙe keken.

Akwatin asibitinku ya iso shekaranjiya, cike da ƙanƙara mai hayaƙi. Ƙananan kwalabe ashirin da shida ne a ciki, ko wacce ba ta kai ɗan yatsanki ba. Ba suna a jikinsu, sai lamba. Da gangan ake yin haka don kare sirrin yaran. Ban san wacce ce tasa ba, kuma doka ba ta yarda in sani ba.

Ga yadda aikin yake. Kin tuna matan da kike koya wa karatu da la'asar a falonki? In suka haɗa baki su goma sha biyu, daga ƙofa sai mutum ya ce karatu ya yi kyau. Amma ke kin san akwai mai cinye wasali, akwai mai motsa leɓe kawai. Sai kin ce kowa ta yi shiru, kin kira su ɗaya bayan ɗaya, sannan ki kama ta.

To bangon hanji ma haka yake. An gina shi da 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, dubbai a wurin da bai kai tsinin allura ba, ƙwayoyin halitta ake ce musu. Ki ɗauke su kamar ɗalibanki. Wasu aikinsu jawo mai, wasu sukari, wasu gadi. A da, masu bincike niƙe tsokar suke yi gaba ɗaya su auna, wato su saurari aji duka daga ƙofa. Mu kuwa muna warware tsokar a hankali har ɗaliban su rabu, sai na'ura ta saka kowane a cikin ɗigon mai nasa shi kaɗai, ta manna masa alama, ta ce biya mini. Daga nan mu ji wanda ke aikinsa, da wanda ya yi barci, da wanda ma bai zo makaranta ba. A ƙarshe kwamfuta ta zana mana su a allo, ɗigo-ɗigo masu launi, masu aiki iri ɗaya su taru wuri guda.

Da na ba Farfesanmu wannan misalin ya ce in tambaye ki ko kina neman aiki. Na ce masa ba zai iya da ke ba, za ki hana shi shan shayi a tsaye.

Sai dai Gwaggo, aikin nan yana da jinkiri ƙwarai. Kwalba ɗaya tana cin makonni. Kada ki sa rai da wuri. Ku ci gaba da duk abin da likitarsa ta ce.

Tabaraun ma ya karye, na ɗaure shi da zare kamar yadda kike yi mini ina firamare.

'Yarki


6 ga Afrilu

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, mota na jira na. An tura ni wani ɗakin bincike a wani gari na wata guda, in koyi wata sabuwar na'ura. Amma ba zan iya tafiya da wannan a ciki ni kaɗai ba.

Gwaggo, mun gano ƙwayar! Iri ɗaya ce tak a cikin dubbai. Ita ce ke buɗe wa abinci ƙofa ya wuce daga hanji zuwa jini. Duk yaran da ke da ita sun yi ƙiba bayan an ba su abinci. Waɗanda ba su da ita kuwa, ko me aka ba su, banza. Jiya har Farfesa sai da ya yi rawa a gaban allo.

Na yi abin da bai kamata ba. Na dubi ranar da aka ɗebi kowace kwalba, na haɗa da ranar da kika rubuta mini, na gane tasa. Maigida ba shi da ita. Shi ya sa. Ba laifin girkin Anti ba ne, ba na kowa ba ne. Abin da ya rage yanzu shi ne a san yadda za a samar masa da ita.

Don Allah wannan tsakanina da ke. Ba a bayyana ba tukuna, kuma in aka ji na buɗe lambar wani yaro, aikina na iya tafiya. Ko Yaya kada ki gaya wa. Ina dawowa zan rubuto miki komai dalla-dalla.

'Yarki


21 ga Afrilu

'Yata Tabarau,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki a duk garin da kike. Muna lafiya. Matar yayanki ƙafa ta fara yi mata nauyi, da kyar take hawa benen nan namu. Maigida ya sauka zuwa kilo goma da rabi, amma bakin na nan.

Takardarki ta zo ranar Asabar. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin gidan waya, na dawo gida na yi alwala na yi sujadar godiya, na sake karantawa. Shekara uku muna yawo, ashe ƙwaya ɗaya ce. Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, kuma ya sa ta hannunki. Na yi kuka, 'yata, amma na daɗi.

Yanzu zan faɗa miki laifina, domin ba na so ki ji a wani bakin. Na ci amanarki.

Ranar Talata likita ta kira mu ofishinta. Ta ce gadon da ta daɗe tana nema masa a babban asibitin yara ya samu. Can ne ake ba yaro abinci ta jijiya, a huda nan ƙasan wuya a dasa tiyo, ya zauna wata uku ko huɗu hanji ya huta. Tafiyar yini guda ce daga nan. Ta ce ba ta ɓoye mana ba, tiyon na iya kawo cuta a jini, wasu yaran ba sa jurewa. Ta ce kwana biyu gare mu mu ba da amsa, akwai masu jira a baya.

Mun dawo gida muna lissafi. Uwar ba za ta iya tafiyar ba a halin da take. Yayanki in ya bar motar wata huɗu wani za a ba. Ni kuma da kunnen nan, in likita ya yi bayani me zan ji? Maigida yana ƙarƙashin teburin ɗinki yana tara 'yan ƙyallaye, ya ɗago kai ya ce, "In aka sake sa mini tiyo, wallahi ba zan dawo da ke ba." Ba wanda ya yi dariya.

Na yi yini guda ina juya abin. Na ce amana gefe guda, wuyan yaro gefe guda. Washegari bayan sallar azahar na kira su ɗakina na rufe ƙofa. Ban nuna musu takardar ba, ban kuma faɗi zancen lamba ba. Na ce kawai kun gano ƙwayar da zai sha, saura a samar masa.

Yayanki ya ce, "Inna, kin tabbata?"

Na ce, "Da idona na gani, da rubutun hannunta."

Matarsa ta ce, "Inna, ko mu ɗan kira ta mu ji?"

Na ce kada wanda ya kira ki. Na ce sirri ne, aikinki na iya tafiya, kuma kina wani gari. Yayanki ya dubi matarsa ya ce, "Tun da nake ban taɓa kama Inna da maganar da ba haka take ba." Shi ke nan.

Jiya muka koma muka ce a ba wani yaro gadon, mu za mu ɗan jira. Likitar ta ajiye bironta ta ce, "Jiran me?" Yayanki ya ce akwai magani a hanya. Ta ce, "Wane magani? Ni ban san da shi ba." Na sunkuyar da kai. A raina na ce sabo ne, labarinsa bai iso gare ta ba. Ta sa yayanki ya sa hannu cewa da kanmu muka ƙi.

To yanzu ki yafe mini, sannan ki hanzarta. Ko guda goma ne ki fara aikowa. Ki rubuta mini: haɗiya ake yi ko jiƙawa? Kafin abinci ko bayansa? In babba ce ana iya fasa ta biyu? Bai iya haɗiyar ƙwaya ba, shi ya sa na fara koya masa. Ina mulmula cikin burodi ƙanana-ƙanana in ba shi da ruwa. Jiya ya haɗiye uku a jere, ya buɗe baki ya ce in duba.

Gwaggonki


10 ga Mayu

'Yata,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan da sauƙi za a ce.

Kwana goma sha tara ke nan da na saka miki takarda. Na san kin ce wata guda, na ƙirga, ya cika tun makon jiya. Kullum bayan na idar da walaha sai in sauka in je gidan waya. Ma'aikacin wurin, wani dattijo mai hula ɗaya, da ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa don ya rage mini tafiya. Jiya ya ce, "Baba, wannan saurayin naki ba shi da kirki." Na yi masa murmushi don kada ya ji kunya.

Maigida ya daina shiga ƙarƙashin tebur. A kan tabarma yake yini kusa da ƙafata, ina ɗinki yana kallon allura. Ƙafafunsa sun cika. Da farko uwarsa ta yi murna, ta kira ni in zo in ga ya fara ƙiba. Da muka je asibiti likita ta danna yatsa a bayan ƙafar, ta ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce ruwa ne. Ta ƙara masa wasu magunguna, ta dube ni ta ce, "Naku maganin bai iso ba?" Ban san inda zan sa idona ba.

Yayanki ba ya tambayata. Da ya shigo sai ya dubi kan keken ɗinki ko akwai ƙunshi, ya gaishe ni, ya wuce. Sau biyu na ga ya ciro waya ya mayar aljihu. Maganata yake riƙe da ita.

Idan fushi kike yi da ni kan amanar, kina da gaskiya, ni ma ban yafe wa kaina ba. Amma ki yi fushin da ni kaɗai. Idan kuma Farfesan ne ya hana a fitar, ki ce masa wata tsohuwa na roƙonsa don Allah, guda ɗaya ma ta isa mu gwada. Ba wanda zai ji.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Gwaggonki


22 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarku ba.

Yau da safe na dawo. An ƙara mana mako biyu a can, ban kuma bar wa kowa sallahun takarduna ba. Na iske naki biyu a akwatina na ofis, ƙarƙashin tallan kayan aiki. A tsaye na karanta su a baranda, da jakata a kafaɗa. Kafin in kai ƙarshen ta farko na kira Yaya. Na gaya masa komai, na ce ya ajiye mota ya tafi wurin likita yanzu-yanzu a sake neman gadon. Ke kuma ba za ki ji ni a waya ba, kuma bai kamata ki ji wannan a bakin kowa ba sai nawa. Zan ba masu kai saƙon gaggawa takardar nan, jibi za ta iske ki.

Gwaggo, babu magani. Ƙwayar da na ce ba ta sha ba ce. Ƙwayar halitta nake nufi, ɗaya daga cikin ɗaliban nan da na ba ki misali. A wurin aiki in muna hira da wani ɗan'uwanmu mai jin Hausa, "ƙwaya" kawai muke cewa, har bakina ya saba. Iri ne na ɗaliban da ya kamata a ce suna bangon hanjinsa, ba sa nan. Ba abu ba ne da ake zubawa a kwalba. Ba wanda ya san yadda ake mayar wa yaro da su. Da na ce "a samar masa", aikin shekara goma nake nufi, ko ashirin, ko abin da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Akwai abin da ya fi wannan. A can da muka sake duba sakamakon, wata mata da ta fi mu sanin aikin ta tambaye mu: ta ina kuka san rashin ƙwayar ne ya kawo ramar? In kuma ramar ce ta cinye ƙwayar fa? Yara ashirin da shida ne kawai, kowa sau ɗaya aka ɗeba. Watakila abin da muka yi wa rawa ba sila ba ce, alama ce kawai.

Na karanta abin da na rubuta miki, domin kin maimaita mini shi. Ko ni aka aiko wa, ina zaune da yaro a gabana, abin da kika gane shi zan gane. Na yi doki, na so in burge ki, na rubuta a tsaye, sannan na ɗaure miki baki na hana ki tambayar kowa. Ba ki ci amanata ba. Ni na ɗora miki abin da bai kamata a ɗora wa kowa ba. Na shiga na gaya wa Farfesa na buɗe lambar. Ya ce in ba da makullin firizar da muke ajiye kwalaben, za su zauna a kaina. Ban damu ba.

Tun ɗazu allon yake buɗe a gabana. Ɗigo dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya, shi ne Maigida a wurina. Na san abin da kowanne ke yi. An haife shi bayan tafiyata, ban taɓa ɗaukarsa ba, ban san muryarsa ba.

Ki yafe mini in za ki iya. Ki rubuto mini abin da likita ta ce.

'Yarki


29 ga Mayu

'Yata Tabarau,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso. Jikina lafiya. Matar yayanki watanta ya kusa, ana ce mata ta riƙa kwanciya, ba ta kwanciya.

Ranar da kika kira, yayanki ya dawo gida da hantsi, abin da bai taɓa yi ba. Ina kan keke ina haɗa hannun riga. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Ya yi magana ban ji ba. Ya maimaita ban ji ba. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Inna, babu magani! Ba ƙwayar sha ba ce!" Shekararsa talatin da huɗu bai taɓa ɗaga mini murya ba. Har yanzu ban sani ba ko don kunnen ne.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta ce in ba ta takardarki ta zancen ƙwayar. Na ciro ta daga cikin jakar allurai na miƙa mata. Ta karanta a fili, a hankali, har ƙarshe. Na sunkuya ina jiran abin da za ta ce, kuma duk abin da ta ce na cancanta. Sai ta ninke ta, ta miƙo mini da hannu biyu, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Inna, ni ma haka zan karanta." Ta koma kicin. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kin ce laifinki ne. Ki bar ni in faɗi nawa, domin ni za a tambaya. Na koma kan takardarki ta farko, na bi ta da yatsa layi-layi yadda nake sa mata su bi allo. Ga shi nan kin rubuta, ƙwayoyin halitta. Ni da nake tsayar da mace kan wasali ɗaya, na tsallake kalma sukutum. Kuma ba wannan ne babba ba. Ranar da likita ta ajiye biro ta ce ba ta san da wani magani ba, wani abu ya motsa a ƙirjina. Na ji shi sarai. Da na ce a kira ki a lokacin, minti biyu ya isa. Na ce wa kaina amana nake tsarewa. Ba amana ba ce, 'yata. Tsoron amsar nake yi. Na ce na gani da idona, alhali abin da nake so na gani. Ina neman gafarar Allah, na kuma nemi ta iyayensa. Uwar ta ce ta yafe. Uban ya ce, "Ba komai, Inna," yana kallon bango.

A ranar muka tafi asibiti. Likitar ba ta yi mana gori ba, Allah ya saka mata. A gabanmu ta buga waya. Gadon an ba wata yarinya tun washegarin ranar da muka ƙi, an ce tana samun sauƙi, Allah ya ƙara mata. An sa sunansa a layi, shi ne na tara. Sannan ta kwantar da shi ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa. Ta sa aka fita da shi, ta jawo kujera kusa da ni don in ji. Ta ce zuciyar ta yi rauni. Ta ce ko yau gadon ya samu ba ta ga zai iya tafiyar yini guda a mota ba, balle huda. Yayanki ya ce to me za mu yi. Ta ce, "Ku kai shi gida. Duk abin da ya ce yana so, ku ba shi."

Mun gane.

Yanzu gadona yake kwana, ya ce na ɗakinsu yana da sanyi. Na rufe keken da zane, na mayar wa mutane yadinsu, na ce wa matan karatu su ɗan dakata. Jiya ya ce lemo yake so, mai ɓawo. Uban ya fita da gudu ya sayo leda guda. Na ɓare masa, na cire zaren, ya tsotsi ɓari biyu ya ce ya ƙoshi. Na san ƙofar da abinci ke bi zuwa jininsa a rufe take, kin gaya mini. Duk da haka anjima zan sake ɓare wani.

Da safen nan ya tambaye ni, "Maganin Anti Tabarau ya zo?" Ban ƙara yi masa ƙarya ba. Na ce bai zo ba, kuma ba zai zo ba, kakarka ce ba ta iya karatu ba. Sai ya ce, "To ita ta zo mana."

Ba na neman komai daga ɗakin bincikenku. Ku ci gaba, watakila jikan wata ya amfana, ba na baƙin ciki da hakan. Kada ki tsaya rubuto amsa, ba za ta riske shi ba. In kina so ki gan shi gaba ɗayansa, ba ɗigo-ɗigo ba, ki taho cikin makon nan. Kada ki bari ya kai na sama.

Gwaggonki